Baƙaƙen kaya iri ɗaya, rawa iri biyu: tsakanin 'yan techno da 'yan goth

Tambaya: Yaya, ina karatu a Leipzig ta ƙasar Jamus. Kwanakin baya gari ya cika da wasu mutane cikin baƙaƙen kaya, maza da kwalli rangaɗau, mata da manyan riguna irin na zamanin da, aka ce mini 'yan goth ne. Abokan ajinmu da ke tafiya Balin rawar techno su ma baƙaƙen kaya suke sawa. Na saurari kiɗan kowanne, kuma duk ƙarar inji na ji. Ba abu ɗaya ba ne aka ba shi suna biyu? Tunda ka yi aikin sauti a gidajen rawa a Ingila, ka warware mini.

Amsa: Ƙanena, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, akwai inji a duka biyun, kuma zan zo kan dalilin hakan. Amma ba abu ɗaya ba ne. Na yi shekaru ina jan waya da saita lasifika a wani ƙaramin zaure da ake haya, ranar Juma'a a ba waɗannan, ranar Asabar a ba waɗancan. Lasifika ɗaya, fitilu ɗaya, injin hayaƙi ɗaya, amma da ka leƙo ƙofa ka san daren su wane ne tun kafin ka ga tufafin kowa. Abin da na fahimta daga bayan teburin sauti shi ne, ɗan techno dare ya zo saya, ɗan goth kuwa waƙa ya zo ji tare da mutanensa. Duk sauran bambancin daga nan ya tsiro.

Bari in fara da ɓangaren inji, don shi ya fi yawan jama'a. Abin da ake kira kiɗan rawa na na'ura babban gida ne mai ɗakuna da yawa, house da techno da trance da drum and bass, har da amapiano ɗin Afirka ta Kudu da DJ-DJ ɗinmu ke sawa a wurin biki, shi ma jikan house ne. Tushensa baƙaƙen fatar Amurka ne. A Shikago, daga 1977, wani DJ mai suna Frankie Knuckles ya riƙa kiɗa a wani kulob da ake kira Warehouse, inda yawancin masu zuwa baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin, kuma daga sunan wurin aka samo kalmar house. Lokacin disko ya fara fita daga yayi, har a watan Yulin 1979 aka tara faya-fayansa aka tarwatsa su a wani filin wasa na birnin. Da sababbin faya-fayai suka yi ƙaranci, sai masu kiɗa suka riƙa yanka tsofaffi suna haɗawa, suna ɗora musu bugun injin ganga. A Ditroyit kuma wasu samari uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka ƙera nasu mai kaushi da sanyin ƙarfe, shi ne techno. Kayan aikinsu na kamfanin Roland ne na Japan: TR-808, TR-909 da TB-303. Abin dariya, wasu daga cikin injinan nan ba su yi kasuwa ba da farko, shi ya sa yaran da ba su da kuɗi suka same su a banza a shagunan kayan gwanjo.

Yanzu dubi yadda ake gina kiɗan. A house da techno, babbar ganga tana dukan ƙasa sau huɗu a kowace gaɓa, dum, dum, dum, dum, ba fashi. House yakan yi tafiya tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, techno ya ɗan fi shi sauri, drum and bass ya kai wajen 170. In ka sayi faifan techno ka sa a ɗakinka, za ka ji kusan minti guda na farko ba komai sai ganga, ƙarshensa ma haka, har ka ce an cuce ka. Ba cuta ba ce. An bar kai da gindin nan tsirara ne don DJ ya sami inda zai ɗinka shi da na gabansa da na bayansa. Yana sauraron faifai na gaba a kunne ɗaya, yana ɗan ƙara masa sauri ko rage masa har bugun biyun su hau kan juna, sannan ya zare na farko a hankali. In ya ƙware, za ka yi awa uku kana rawa ba ka san sau nawa aka canza faifai ba. Faifai ɗaya a wurinsa bulo ne, ginin kuwa shi ne daren gaba ɗaya: ya fara a sanyaye, ya hau da mutane sannu a hankali, ya ɗauke babbar ganga na ɗan lokaci har ka ji zauren ya riƙe numfashi, sannan ya sako ta. Ihun da ake yi a wannan lokacin ba don an gane waƙa ba ne. Da yawa ba su san sunan abin da suke taka wa rawa ba, kuma bai dame su ba.

Ka san yadda mai kalangu ke riƙe fili a dandali, ba wanda ke tambayar sunan kiɗa, jiki ne ke amsawa. Ka kuma san yadda masoyan Shata ke zama, da an ɗauko amshin da suka sani sai ka ga baki ya motsa, kowa na bi. Kwatancen bai cika daidai ba, amma zai kusanto maka da tazarar da ke tsakanin daren Juma'a da daren Asabar a zauren da nake ba ka labari.

Goth ba daga disko ya fito ba. Ɗan punk ne, wato kiɗan jita mai kaushi da tawaye, na Ingila, na ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wasu ƙungiyoyin mawaƙa suka gaji da ihu da gaggawa suka koma ga duhu da tunani. Galibi ana ɗora farkonsa a kan faifan da ƙungiyar Bauhaus ta garin Northampton ta fitar a watan Agustan 1979, Bela Lugosi's Dead, waƙa mai fiye da minti tara a kan ɗan wasan da ya yi suna da fitowa a matsayin mai shan jini a finafinai. Sai Siouxsie and the Banshees, da The Cure a wasu shekarunta, da The Sisters of Mercy ta birnin Leeds. Siffar kiɗan: jitar bes, mai kaurin sauti, ce ke jan ragama maimakon ta laɓe a baya, jitar sama tana ƙara kamar daga cikin rijiya saboda amsa-kuwwar da aka loda mata, muryar namiji ƙasa-ƙasa, ta mace kamar kuka daga nesa. Maganar kuma soyayyar da ta mutu ce, da kaɗaici, da kabari, da shakka. Waƙa ce sosai, da baiti da amshi, da farko da ƙarshe.

Wannan shi ya tsara yadda kulob ɗinsu yake. Wanda aka fi ambata shi ne Batcave, da aka buɗe a unguwar Soho ta Landan a watan Yulin 1982, kuma tun daga tallarsa ya nuna cewa ba ruwansa da disko. A Leeds akwai Le Phonographique, wani ɗan wuri a ƙarƙashin rukunin shaguna. A Landan har yanzu ana yin Slimelight, wanda ya faro a 1987. DJ ɗin goth na gargajiya bai damu da ɗinki ba. Yakan bar waƙa ta ƙare, wani lokaci har a ji ɗan shiru, sannan ya sa wata. Gwanintarsa a zaɓe take, ya san wace waƙa ce za ta biyo wace, ya kuma san mutanensa. A teburinsa akwai takarda da biro, mutane na zuwa suna rubuta abin da suke so a sa musu. Je ka gwada miƙa wa DJ ɗin techno takarda a Balin ka ga kallon da zai yi maka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a makonnina na farko shi ne yadda filin rawar goth ke cika ya kuma watse kamar kasuwar ƙauye. A sa wata waƙa, tun daga bugun farko na bes sai ka ga mutum talatin sun ajiye kofunansu sun ruga fili. Tana ƙarewa, rabinsu su koma wurin zama, wasu daban su taso don tasu ce ta shigo. Na ɗauka laifin sautina ne, har na je na tambayi mai shirya daren ko in ƙara wani abu. Ya yi dariya ya ce in bar shi haka, kowa tasa yake jira. A daren techno in fili ya watse haka, DJ ya faɗi jarrabawa ke nan, ba za a sake kiransa ba.

Rawar ma ba iri ɗaya ba ce. Ɗan techno ƙafa da ƙugu ne ke masa aiki, motsi ƙanƙane mai maimaituwa wanda zai iya jurewa har gari ya waye, kuma yawanci kowa DJ yake fuskanta ko lasifika. Ɗan goth hannu ne da kafaɗa. Za ka ga mace ta rufe ido tana murɗa yatsu a sama kamar mai yaye yanar gizo-gizo daga rufin ɗaki, ko namiji yana taku biyu gaba, biyu baya, dogon kwat ɗinsa na shara. Kowa na buƙatar fili, kowa rawarsa yake shi kaɗai, amma ya san ana kallonsa, kuma yana so a kalla. Wanda ya ɓata awa biyu gaban madubi yana tayar da gashi da zizara kwalli bai zo don ya ɓace cikin taro ba.

Nan ne maganar baƙaƙen kayan da ta ruɗe ka ta shigo. Baƙin ɗan techno na Balin baƙin ɓuya ne: singileti, wando, takalmin da ba zai dame shi ba, abin da zai sha gumi ya jure. A Berghain na Balin, tsohuwar tashar lantarki da aka mayar kulob a 2004, har sitika ake manna wa kyamarar wayarka a ƙofa don kada ka ɗauki hoto, kuma ana shiga daren Asabar wasu ba sa fitowa sai safiyar Litinin. Baƙin ɗan goth kuwa baƙin ado ne: leshi, karammiski, fata, azurfa, farar hoda. Waɗanda ka gani a garinku sun zo Wave-Gotik-Treffen ne, taron da ake yi a Leipzig tun 1992 a hutun Fentikos na Kirista, wanda ke tara mutum wajen 20,000. In ka lura, da rana tsaka suke fita wurin shaƙatawa su shimfiɗa tabarmi cikin shigar zamanin Sarauniya Biktoriya, 'yan gari na ɗaukarsu hoto suna gyara tsayuwa. Kuma ka sani, baƙin kaya a techno sabon abu ne, kuma na wani ɓangare ne kawai. 'Yan rawar Ingila na 1988 manyan riguna masu launi suke sawa, da hoton fuskar nan rawaya mai murmushi.

Tunda na ambaci 1988, bari in ɗan tsaya a kai, don a nan ne ƙarfin ɓangarorin biyu ya rabu. A 1987 wasu DJ-DJ na Landan, cikinsu har da Paul Oakenfold da Danny Rampling, suka je tsibirin Ibiza na Sifen suka ga yadda ake raba dare ana rawa a kulob ɗin Amnesia, suka dawo da salon gida. Cikin shekara guda abin ya zama ruwan dare. Dubban matasa suka riƙa taruwa a gonaki da tsofaffin ɗakunan ajiya ba izini. Bayan wani gagarumin taro a Castlemorton ta Ingila a 1992, majalisar Birtaniya ta yi doka a 1994 da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro, har dokar ta siffanta kiɗan da cewa mai bugu ne da ke maimaita kansa. A Balin kuma faɗuwar katanga a 1989 ta bar gine-gine birjik ba mai su, kulob irin Tresor ya buɗe a 1991 a ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti, ya riƙa gayyato makaɗan Ditroyit. Yau abin ya zama babbar sana'a: bikin Tomorrowland na Beljiyam yana karɓar mutum wajen 400,000 a ƙarshen mako biyu, kuma a 2024 Jamus ta sa techno na Balin cikin jerin al'adunta na gado. Goth bai taɓa zama haka ba. Ya ɗan leƙa jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a shekarun 1980, sannan ya koma lungunsa, kuma a ganina hakan ya fi masa alheri.

Dalilina shi ne yadda kowanne ke tsufa. Taron techno kullum sabunta kansa yake da matasa. Fuskokin da na gani a bana, bayan shekara biyu yawancinsu sun tafi, wasu sun maye gurbinsu. Daren goth kuwa mutanen nan ne dai, wata bayan wata, shekara bayan shekara. Sun san wanda ya yi aure, sun san wanda aka sallama daga aiki, in wani bai zo ba sau biyu za a tambaya. Na ga mai shekara hamsin da 'yarsa a fili ɗaya. Shi ya sa nake cewa daren goth ya fi kama da taron dangi da aka yi wa kiɗa. Amma kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba: irin wannan kusancin yana zuwa da gulma, da kallon sabon zuwa sama da ƙasa, da gardamar da ba ta ƙarewa a kan wane ne goth na gaskiya. Kuma jerin waƙoƙin yakan daskare. Akwai daren da na iya faɗin waƙa goma da za a sa tun kafin DJ ya buɗe jakarsa. Techno bai da wannan ciwon, kullum yunwar sabon sauti yake, sai dai nasa ciwon shi ne mai gadin ƙofa da zai dube ka ya girgiza kai ba dalili, da tikitin da kuɗinsa ke hawa kowace shekara.

Abin da ake sha ma ya bambanta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Tarihin rawar house da techno a Turai a haɗe yake da ƙwayar ecstasy, ita ce ke sa wasu su yi awa goma a tsaye, kuma ta kashe mutane ta hanyar zafin jiki da gurɓatacciyar haɗa. Ta ma shafi kasuwar kulob: Haçienda ta Mancesta, wadda ta yi suna a duniya, tana cika maƙil amma mashayarta ba ta ciniki don masu ƙwaya ruwa suke nema, ga kuma rikicin 'yan daba, har ta rufe a 1997. Daren goth na giya ne, kuma yawanci ƙarfe biyu ko uku na dare an tashi. Ba kowa ne ke taɓa ko ɗaya daga ciki ba, amma kai da ka fito daga gidan da ka fito, gara ka san abin da ke wurin.

Wata tambayar da na san tana ranka ko ba ka furta ba: shin 'yan goth matsafa ne? A'a. Ƙoƙon kai da akwatin gawa da jemage da kake gani ado ne da suka aro daga tsofaffin labaran ban tsoro na Turawa da gine-ginen coci na da. Shi ya sa ma suke taruwa a garin Whitby na gaɓar tekun Ingila tun 1994, don garin ya fito a labarin Dracula mai shan jini. A cikinsu akwai Kirista, akwai marar addini, akwai mai bin wasu tsofaffin al'adu, kamar dai sauran Turawa. A aikina su ne suka fi kowa ladabi, sukan tsaya su taya ni naɗe waya. Su aka fi cuta ma: a 2007 wasu samari suka yi wa wata budurwa, Sophie Lancaster, dukan da ya yi ajalinta a Lancashire saboda shigarta, kuma daga 2013 'yan sandan yankin Mancesta suka fara rubuta irin wannan hari a matsayin laifin ƙiyayya.

To, me ya sa kunnenka ya ji inji a duka biyun? Saboda gidajen biyu katanga ɗaya suka haɗa, kuma katangar duk ƙofofi ce. The Sisters of Mercy ba su da mai ganga, injin ganga suke amfani da shi, har suna suka raɗa masa, Doktor Avalanche. Ƙungiyar Joy Division, wadda 'yan goth ke ɗauka kamar kaka, bayan rasuwar mawaƙinta Ian Curtis a 1980 ta koma New Order, ta fitar da Blue Monday a 1983, faifan da ake sawa a ɓangarorin biyu har gobe, kuma da kuɗin ƙungiyar aka riƙe Haçienda ɗin da na ambata. Sannan akwai wani salo da ya tsaya a tsakiya, EBM, wato Electronic Body Music, na ƙungiyoyi irin Front 242 ta Beljiyam da Nitzer Ebb ta Ingila da DAF ta Jamus: bes na inji mai sara kamar guduma, da murya mai ba da umarni. Kamfanin faifai na Wax Trax! ya yaɗa shi a Shikago, garin house, kuma Jeff Mills, ɗaya daga manyan techno na Ditroyit, ya taɓa zama a wata ƙungiya mai irin wannan kiɗan kafin ya yi suna. A Beljiyam har wani salo ya fito, New Beat, daga dabarar DJ-DJ na sa faifan EBM a hankali fiye da saurin da aka yi shi.

A ƙarshen shekarun 1990 inji ya shiga gidan goth da ƙarfinsa. Ƙungiyoyi irin VNV Nation da Covenant suka ɗauko sautin trance suka ɗora masa baitoci masu nauyi, aka sami matasa masu gashin roba mai ƙyalli da tabarau irin na masu walda, ana ce musu cybergoth. Tsofaffin 'yan jita ba su ji daɗi ba, suka ce an mayar musu da gida wurin rawar ƙwaya. Maganin da manyan wurare irin Slimelight suka samu shi ne raba bene: jita a wani hawa, inji a wani. A 'yan shekarun nan kuma abin ya sake juyawa, Boy Harsher daga Amurka da Molchat Doma daga Belarus da She Past Away daga Turkiyya suna yin kiɗan inji mai duhu da matasan ɓangarorin biyu ke saurare, DJ-DJ na techno kuma suna tono tsofaffin faya-fayan EBM. A Jamus musamman, abin da suke kira baƙar al'umma, wato taron masu baƙaƙen kaya, ya haɗa duk waɗannan, har da masu kiɗan zamanin da da algaitar Turawa, shi ya sa abin da ka ji a Leipzig ya fi na Ingila gauraya.

In kana son ka rarrabe da kanka, ba sai ka shiga ko'ina ba, bidiyon dararen nan sun cika intanet. Ka manta da tufafi, ka manta da ko akwai jita. Ka jira lokacin da faifai ɗaya zai ƙare wani ya shigo, ka zuba wa mutanen ido. In ba wanda ya ɗaga kai, ƙafafu na ci gaba da abin da suke yi, techno kake kallo. In ka ga wasu sun nufi kujera, wasu sun taso da sauri suna gyara riga, bakinsu ya riga mawaƙin fara baiti, to goth ne, ko da kuwa babu ko jita ɗaya a cikin kiɗan.